Murar Hunturu da Fargabar da Ke Biyo Ta: Jagorar Jinya a Gida

Da zarar Nuwamba ya doshi ƙarshe, iskar arewa maso gabas ta fara kaɗowa da ƙurar da take kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, sai bencin jiran likita ya cika da masu tari a Gwandu da Kalgo. Ga ɗan kabu-kabun da ya wuni yana shaƙar hazo a hanyar Birnin Kebbi, ga manomin rani da ya shiga fadama tun asuba yana ban ruwan shinkafa, ga uwa da goyo a baya da wani a hannu, duka biyun hanci na zuba. Haka za a yi ta fama har Fabrairu.

Yawancinsu mura ce kawai, wadda ke tafiya da kanta cikin kwana 7 zuwa 10. Ƙwayoyin bairos ne ke kawo ta, kuma ire-irensu sun haura 200, shi ya sa babba kan yi ta sau 2 ko 3 a shekara, ƙaramin yaro kuwa sau 6 zuwa 8, alhali lafiyarsa ƙalau. Sanyi da ƙura nasu aikin shi ne busar da fatar cikin hanci da maƙogwaro har ta tsattsage, sannan su kora mutane cikin ɗaki, a rufe ƙofa da taga, a kwana ana shaƙar numfashin juna. Ta nan ƙwayar ke samun hanya.

Mai wannan rubutu, wanda duba irin waɗannan marasa lafiya ne aikinsa, yana ganin kurakurai biyu suna dawowa kowace shekara. Akwai gidan da atishawa uku ke tayar wa hankali: kafin magariba an je kemis sau biyu, an karɓo haɗi a leda, an yi allura, an hana maras lafiya barci da taɓa goshi da tambaya. Akwai kuma gidan da yaro ke numfashi sama-sama tun jiya, ana cewa sanyi ne ya shige shi, ana ta shafa masa man zafi. Sau da yawa gida ɗaya ne ke yin duka biyun, domin wanda bai san alamar da zai ji wa tsoro ba, ko dai ya ji tsoron komai, ko ya gaji ya daina jin tsoron komai.

Mutanen wannan yanki suna da hujjar fargabarsu. A watan Maris na 2025 gwamnatin Jihar Kebbi ta sanar da rasuwar mutum 26 da ake zargin sanƙarau ne ya yi ajalinsu, 15 daga cikinsu a ƙaramar hukumar Gwandu. A 2020 kuma babban asibitin jiha da ke Kalgo ne aka ware don killace masu korona. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Cewa irin wannan mutum ya daina damuwa ɓata baki ne. Abin da ke taimaka masa shi ne ya san takamaiman abin da zai duba, da lokacin da zai duba shi, ya kuma bar jikinsa ya huta a tsakani.

Kayan da za a tanada

Na farko shi ne ma'aunin zafin jiki na batir, irin wanda ake sa wa a hammata. Tafin hannu ba ma'auni ba ne, musamman a hunturu da hannun mai taɓawa ke da sanyi, kowane goshi ya ji shi kamar garwashi. Zazzaɓi yana farawa daga digiri 38. Sai agogo mai nuna daƙiƙa, ko na waya, domin ƙirga numfashi. Sai littafi da biro, waɗanda amfaninsu zai bayyana a gaba.

A ɓangaren magani, farasitamol ya isa: ƙwaya ga manya, na ruwa ga yara tare da ɗan kofin awonsa. A ƙara da ƙunshin gishiri da sukari na ORS, da maganin ɗiga wa hanci na ruwan gishiri. Duk abin da za a saya a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa. Sauran kayan suna madafa: zuma, citta, lemun tsami, gishiri, man kaɗanya, filas ɗin ruwan zafi, sabulu.

Abu na ƙarshe ba a sayensa a shago, kuma shi aka fi mantawa. A san tun da rana wane ne zai ɗauki maras lafiya idan dare ya yi halinsa: lambar wani mai mota ko mai babur a unguwa, ɗan kuɗin mai a ajiye, da asibitin da za a nufa. Mutumin Gwandu yana da babban asibitin garin, na Kalgo yana da na Kalgo, ga kuma asibitin Sir Yahaya da na tarayya a Birnin Kebbi. Rabin tashin hankalin tsakar dare rashin wannan shiri ne.

1. In da zazzaɓi, a fara da gwajin maleriya

Wannan matakin ba ya cikin shawarwarin da ake karantowa daga Ingila ko Amurka, amma a Kebbi shi ne kan gaba. Binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran Jihar Kebbi, adadi mafi yawa a Najeriya, yayin da na ƙasa baki ɗaya ya tsaya a kashi 22. Dalilin ke nan da aka fara allurar rigakafin maleriya a Kebbi, tare da Bayelsa, a Disamban 2024. Ɗaukewar damina ba ta kore sauro daga garuruwan da ke bakin fadama.

Saboda haka duk wanda zafin jikinsa ya kai 38, ko da yana majina da atishawa, a gwada jininsa cikin awa 24. Ɗigo ɗaya ne daga yatsa, sakamako ya fito cikin minti 15 zuwa 20. In an samu, a sha maganin har ƙarshe. In ba a samu ba, kada a sha "don kore shakka", domin ba zai taɓa murar ba, kuma zai sa mutum ya saki jiki da cewa an yi magani alhali ba a gano dalilin zazzaɓin ba.

A nan ne mai yawan fargaba ke fara zamewa. Gwaji ya nuna babu, sai ya ce na'urar ce ba ta da kyau, ya tafi wani ɗakin gwaji, daga can a ce masa taifod. Gwajin jinin da aka fi yi wa taifod a ƙananan ɗakunan gwaji yana yawan nuna cutar ga wanda ba ya da ita. Gwaji ɗaya a wurin da aka amince da shi ya wadatar. Sake shi sai idan zazzaɓin ya wuce kwana 3 ko ma'aikacin lafiya ya nema.

2. A rubuta alamomin haɗari, a manna a bango

Wannan shi ne ƙashin bayan jinyar, kuma a rubuce ake son sa, domin ƙwaƙwalwar da ke cikin tsoro ƙarfe biyun dare ba ta tuna abin da aka gaya mata da rana.

Ga babba, a tafi asibiti nan take idan numfashi ya yi wuya har ba ya iya kai ƙarshen magana, ko ƙirji na ciwo, ko leɓe ya canza launi, ko akwai jini a kaki, ko ya rikice yana sambatu, ko an kasa tashinsa daga barci, ko amai ya hana komai zama a cikinsa, ko ya wuni bai yi fitsari ba.

Sanƙarau yana da nasa zubin, kuma sanin sa yana rage tsoro matuƙa. Mura a hankali take shigowa, da ƙaiƙayin maƙogwaro da majina, mai ita yana hira, yana cin abinci ko da kaɗan ne. Sanƙarau faɗowa yake yi cikin awanni: zazzaɓi mai tsanani, ciwon kai irin wanda mutum bai saba ji ba, amai, ƙin haske, wuya ya sage har haɓa ba ta iya sauka kan ƙirji, hankali ya fara gushewa. Ga jariri, maɗiga kan kumbura, ya yi ta kuka mai ƙara ko ya yi laushi ya ƙi nono, kuma wuyansa ba lallai ya sage ba. Cutar tana iya kisa cikin awa 24, ta fi yawa daga tsakiyar hunturu zuwa zafin bazara. Wanda ya ga haka kada ya jira gari ya waye, kada ya tsaya kemis.

Ciwon maƙogwaro ma yana da iyaka. Tun ɓarkewar mashaƙo da ta fi ƙamari a Kano a 2023, ya kamata kowace uwa ta san cewa wani farin abu mai kauri, mai launin toka, da ya shimfiɗu a maƙogwaro, tare da kumburin wuya da wahalar haɗiya, na asibiti ne. Kuma don Allah kada a kai yaro wurin wanzami a cire masa beli saboda tari. Beli ba ya kawo tari, yanke shi kuwa yana kawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Ga yara, babbar tambayar ita ce ko murar ta sauka ƙirji ta zama limoniya, kuma ana gane wannan a gida ba tare da kowace na'ura ba. A jira har yaro ya natsu, ba yana kuka ba, ba yana shan nono ba. Uwa ta kwantar da shi a cinyarta, ta ɗage rigarsa, wani ya riƙe agogo. Kowane tashin ciki da saukarsa numfashi ɗaya ne. A ƙirga na minti guda cikakke, domin numfashin jariri yana gudu yana tsayawa, ƙirgen rabin minti yana ruɗarwa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce: jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi sauri, daga wata 2 zuwa 11, 50 ko fiye, daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Sannan a kalli ƙasan haƙarƙari. In numfashin ya yi sauri, ko wurin yana lotsawa ciki duk lokacin da yaron ya ja numfashi, a ɗauke shi a tafi asibiti. Haka in ya yi jijjiga, ko ya kasa sha, ko yana amayar da komai. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, zazzaɓin 38 kaɗai ya isa dalilin zuwa asibiti.

Akwai waɗanda ba a yi musu doguwar jinyar gida: mai ciki, tsoho, mai sikila, mai asma, mai ciwon suga ko na zuciya, da yaron da ke fama da tamowa. Su a kai su a duba tun a rana ta farko ko ta biyu.

3. Ruwa, hanci, abinci, ɗaki

In babu ko ɗaya daga cikin alamomin can, jinya ta koma hannun mutanen gida. Ruwa ne farko. A hunturu ƙishirwa ba ta damun mutum, amma busasshiyar iska da zazzaɓi suna zuƙe ruwan jiki, majina ta yi kauri, kai ya yi ciwo. A riƙa kurɓa a kai a kai: ruwan ɗumi, kunun tsamiya, koko, romon kaza ko na kifi. Fitsari ne shaida. In ya yi ja sosai, ruwan bai isa ba. Mai shayarwa ta ƙara ba da nono, ko da ita ce ke murar.

Ruwan ɗumi da citta da lemun tsami da cokalin zuma yana sanyaya maƙogwaro, zuma kuma tana rage tarin dare. Sharaɗi ɗaya ne, kuma mai nauyi: ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma, ko lasa ce, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Babba yana iya kurkure maƙogwaro da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi.

Jariri da hanci yake numfashi yayin shan nono, don haka toshewar hanci kan sa ya saki nono yana kuka, uwa ta ɗauka ciwon ya yi tsanani. Ɗigo 1 ko 2 na ruwan gishiri a kowace ƙofar hanci kafin shayarwa yana warware wannan. Man kaɗanya a bakin hanci da leɓe yana hana tsagewa. Man zafi kuwa ba a cusa shi cikin hancin kowa, ba a kuma shafa wa jariri.

Sirace al'ada ce da aka saba, wasu manya suna jin daɗinsa, amma amfaninsa ɗan kaɗan ne, haɗarinsa ga yara kuma babba. Tukunyar tafasasshen ruwa a ƙarƙashin zane, da yaro mai mutsu-mutsu, ƙuna ce ke jira. A bar yara daga ciki.

Sai batun da ya fi damun mai wannan rubutu a duk hunturu: kaskon gawayi a cikin ɗaki. An ga maras lafiya yana rawar sanyi, aka hura gawayi, aka shigar, aka toshe taga da tsumma. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, waɗanda kowa zai ɗora wa mura, daga nan sai barcin da ba a tashi. A ji ɗumin a tsakar gida, a bar wutar a waje, a ƙara bargo. Janareta ma kada ya kwana a zaure ko kusa da taga. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, ya kuma sake su da suka fita waje, a zargi hayaƙi kafin a zargi ƙwayar cuta.

Mai zazzaɓi ba a lulluɓe shi da barguna uku don ya yi gumi. Tufa mai sauƙi da mayafi ɗaya sun isa, alwala da wanka kuma da ruwan ɗumi.

4. Magani: kaɗan, kuma a san sunansa

Babba yana shan farasitamol ƙwaya 1 ko 2 masu miligiram 500, tazarar awa 4 zuwa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a awa 24. Wuce haka yana lalata hanta, kuma a ranar farko ba a jin komai. Yaro da nauyinsa ake auna masa, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, kada a wuce sau 4 a yini da dare. Ana shan sa ne don a sami sauƙin jiki, ba don a tilasta wa ma'auni ya nuna 37 ba. Yaron da ke da ɗan zafi amma yana wasa yana sha, in ya yi barci ba dole a tashe shi don magani ba.

Tarkon da mutane ke faɗawa shi ne ninki. Magungunan mura na haɗe, irin su Procold da Mixagrip, akwai farasitamol a cikinsu. Wanda ya sha su ya ɗora farasitamol a kai ya sha biyu bai sani ba. Suna kuma ɗauke da sinadarin buɗe hanci da ke iya sa zuciya bugawa da sauri ya ɗaga jini. Mai hawan jini ya tambayi likita kafin ya sha. Mai fargaba kuma ya san cewa bugun da yake ji bayan ya sha su yana iya zama aikin maganin.

Haɗin da ake ƙulla wa mutum a leda, ja da fari da kafso, babu suna babu takarda, a guje shi. In wani abu ya faru, likita ba zai san abin da aka sha ba. Asfirin ba na yaron da bai kai shekara 16 ba ne. Ibuprofen da danginsa ba na mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko mai ciki ba ne. Maganin tari na kwalba ba ya da wani amfani ga ƙananan yara, mai kodin kuwa gwamnatin tarayya ta haramta yinsa da shigo da shi tun Mayun 2018.

Kafso na kashe bakteriya, irin su amoksisilin, ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Majina ta koma ruwan ɗorawa ko kore a kwana na uku ko na huɗu, wannan tafiyar mura ce ta yau da kullum, ba hujjar shan kafso ba. Wanda ya sha guda huɗu ya bari, ya koya wa ƙwayoyin da ke jikinsa jure maganin, ranar da limoniya ta gaske ta zo sai a rasa abin ba shi. Haka zancen "a yi mini allura" ko "a sa mini ƙarin ruwa": mai iya sha da bakinsa ba ya buƙatar ko ɗaya.

5. A ba fargaba lokacinta, a hana ta sauran yini

Tsoro yana da alamomi a jiki, kuma suna kama da na ciwo. In gaba ya faɗi, jiki yana sakin sinadarin da ke sa zuciya gudu, baki ya bushe, tafin hannu ya yi gumi, numfashi ya koma gajere. Numfashi da sauri yana rage wata iska a jini, sai yatsu da gefen baki su fara tsira-tsira, kai ya yi juwa. Mutum ya ji haka ya ce shi ke nan, ciwon ya kai zuciya, tsoron ya ninka. Zazzaɓi shi kansa yana ƙara bugun zuciya da kusan 10 a minti ga kowane digiri ɗaya. A ɗora goro da shayi mai kauri da rashin barci, ga ƙirji yana dukan uku-uku ba tare da zuciyar ta sami matsala ba.

Yawan dubawa yana ciyar da wannan. Mai tsoron sanƙarau yakan wuni yana sunkuyar da kai yana juya wuya don ya ji ko ya sage. Kafin la'asar jijiyoyin wuyan sun gaji sun fara ciwo, ya sami abin da yake gudu. Mai danna ƙulluwar da ta fito a gefen wuya, wadda alama ce ta jiki na yaƙar mura, zai sa ta ƙara zafi. Kowace dubawa tana ba da natsuwar minti kaɗan, sannan waswasin ya dawo da ƙarfi yana neman wata.

Maganin wannan shi ne tsari, kuma lokutan salla sun riga sun raba wa mutum yininsa. A duba sau 3: bayan asuba, bayan azahar, bayan isha'i. A auna zafi, a ƙirga numfashin yaro, a karanta takardar da ke bango layi-layi, a rubuta abin da aka samu da maganin da aka sha da lokacinsa. Daga nan a mayar da ma'aunin cikin akwati, ko a damƙa wa wani a gidan. In tunani ya taso a tsakani, a rubuta shi a shafin baya, a ce masa sai lokacin dubawa. Da yawa daga cikinsu kafin lokacin sun yi sanyi. Alamar haɗari ta gaske ba ta buƙatar a neme ta da fitila, da kanta take bayyana, kuma in ta bayyana ba a jiran wani lokaci. Littafin nan yana da wani amfanin: a kwana na huɗu, lokacin da mutum ke rantsuwa cewa babu sauƙi, zai ga da idonsa cewa 38.6 ta shekaranjiya ta koma 37.5.

Idan faɗuwar gaba ta taso, a zauna a jingina, a ɗora hannu a ciki, a ja numfashi ta hanci ana ƙirga 4, a sake shi a hankali ana ƙirga 6, na minti biyar. Tsawaita fitar numfashi ne ke rage gudun zuciya. Wanda ya saba da tasbihi yana iya jan carbi a kan wannan tafiyar. Ƙuncin numfashi na tsoro yakan lafa da haka, ko in hankali ya koma kan hira. Na huhu ba ya lafawa, ƙaruwa yake yi in an tashi an taka. In bai lafa ba, ko akwai ciwon ƙirji, a tafi asibiti, kuma babu abin kunya in aka duba aka ce lafiya lau.

Waya ma a ajiye ta da dare. Saƙon murya da ke yawo a WhatsApp na wani da aka ce da tari ya fara, da binciken alamomi a intanet, ba sa gaya wa mutum komai game da nasa jikin.

Mutanen gida suna da rawar takawa. Tsawa da "ke dai kin cika tsoro" ba ta warkar da kowa, amsa tambaya ɗaya sau ashirin ma ba ta yi. Maigida ko uwargida ko yaya, duk wanda ke jinyar, ya zauna a duba takardar tare sau ɗaya, ya faɗi abin da ya gani da gaskiya, sannan ya kawo kunu ya ja hira zuwa wani wuri. Masu zuwa dubiya su yi "sannu, Allah ya ƙara sauƙi", su bar labarin wanda ya rasu da irin wannan ciwo a bakin ƙofa.

6. A kare sauran mutanen gida

Wanke hannu da sabulu, tari a cikin gwiwar hannu, kofi da cokali na maras lafiya daban, taga a buɗe da rana. Ya nisanci jariri da tsofaffi na 'yan kwanaki, ya sa takunkumi in dole ne ya shiga mutane. Ɗan makaranta mai zazzaɓi ya zauna a gida. Malaman makarantun allo da na kwana, inda yara ke kwana a cunkushe, su ne suka fi kowa buƙatar takardar alamomin nan.

7. Bayan mako guda

Mura takan kai ƙololuwa a kwana na 2 zuwa na 3, sannan ta fara sauka. Tari shi ne na ƙarshen tafiya, yana iya kai mako 3, balle ga mai fita cikin hazo. Amma a Najeriya ƙa'ida ita ce tarin da ya kai mako 2 a kai kaki a gwada tarin fuka, musamman in akwai rama ko gumin dare. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. A koma asibiti kuma in zazzaɓi ya wuce kwana 3, ko ya tafi ya dawo da ƙarfi bayan an fara jin sauƙi, ko kunnen yaro ya fara ciwo ko zubar da ruwa.

In an warke, a ɗauko katin rigakafin yara a ga abin da ya rage. Najeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kare nau'i biyar, a 2024. Duk lokacin da masu rigakafi suka shigo unguwa, a fito da yara.

Wani kuma murar za ta tafi ta bar shi da tsoron. Watanni suna wucewa yana zagayen ɗakunan gwaji, barci ya ƙaurace masa, kasuwa ko karatu sun tsaya, kowane sakamako mai kyau yana kwantar masa da hankali na kwana biyu kawai. Wannan damuwa ce da likitoci suka sani, ba raunin imani ba ce, kuma tana jin magani, galibi ta hanyar zama da ƙwararre a koya wa mutum yadda zai rage dubawa da neman tabbaci. A fara da gaya wa likitan babban asibiti a fili cewa tsoron ciwo ne ya hana sukuni. In da buƙata zai tura mutum gaba, har zuwa asibitin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa da ke Kware a Jihar Sakkwato. Ranar zuwa a tafi da littafin jinyar nan, da kwalayen duk magungunan da aka sha, da takardun gwajin da aka tara.